Ƙarfe Uku a Grimsby

Ƙarfe uku na dare, ni ke tsaron ɗaki na bakwai,
iskar teku na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Tsoho Leonard Haxby, masuncin da ruwa ya cinye ƙarfinsa,
ya ce, "Kira min Fada. Jirgi ya kusa tashi."

Na kira. Sau biyu kacal waya ta yi ƙara,
sai ka ce mutumin da takalmi yake kwana.

Ya iso a jiƙe, Fada Cormac Tierney,
farin wuyan rigarsa ya karkace,
safa ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka.
A aljihu 'yar kwalbar mai, ba ta kai babban yatsa ba,
da siririn ƙyalle da ya sha ninki har ya gaji.
Kayan aikin ke nan duka.
Ni kuwa ga allura, ga na'ura, ga ledar ƙarin ruwa,
duk sun kai iyakarsu, mun sani.

Ya ja labule. Ban ji abin da aka faɗa ba,
ba nawa ba ne in ji.
Shekara arba'in da tara, in ji 'yarsa,
Leonard bai taka ƙofar coci ba,
tun ranar da teku ta haɗiye ƙaninsa,
shi ya dawo gida da rai, da kunyar ran.
Ban san nauyin kayan ba,
amma na ga inda aka sauke shi:
da aka yaye labule kafaɗun Fada sun rusuna,
goshin tsoho na sheƙi da mai,
numfashinsa ya kwanta kamar ruwan randa.

A ɗakin shayi na zuba masa ruwan zafi.
Na ce, "Fada, ni Musulma ce, 'yar Gumel.
A wurinmu bawa da Ubangijinsa babu shamaki.
Kai mene ne aikinka a tsakani?"

Ya yi dariyar gajiya, ya hura kofi.
"Ni ba bango ba ne, 'yata, ba kuma ni ne ƙofar ba.
Mai riƙe fitila ne a bakin ƙofa,
don mai shiga ya ga matakala.
Gafara ba tawa ba ce, aiko ni aka yi.
Sai dai ɗan Adam kunne gare shi,
yana so ya ji da muryar mutum
cewa an yafe."

Coci uku yake yi wa hidima yanzu.
Rufin ɗaya na yoyo a kan benci na huɗu,
ran Laraba mutum shida ke zuwa, biyu ba sa ji sosai.
"Ina yi musu baftisma suna tsala ihu,
in ɗaura musu aure jikinsu na ɓari,
sai su ɓace shekara da shekaru,
sannan waya ta yi ƙara da ƙarfe uku."
"Ba ka jin haushi?"
"Rijiya ba ta fushi da wanda bai ji ƙishi ba."

Na ce, to shi wa ke sauke masa nasa kayan?
Ya daɗe yana juya cokali.
Akwai wani tsohon fada a Hull, in ji shi,
wata-wata yakan je ya durƙusa a gabansa.
Na ce a raina, ashe wanzami ma
wani ke aske masa ƙeya.

Leonard ya cika kafin gari ya waye.
Ni na rufe idanun, shi ya riƙe hannun 'yar.

Na shimfiɗa darduma a ɗakin ajiye barguna.
Da na sallame, ta taga na hango shi a ƙasa,
motarsa ta ƙi tashi, sanyi ya kashe batir.
Ya fito, ya dubi sama, ya girgiza kai
kamar mai ƙorafi da tsohon aboki,
ya kama hanyar tashar bas da ƙafa.
Ƙarfe takwas yana da sujada.
Yau Laraba. Mutum shida na jira.